JAYAYYA A KAN SOYAYYA: TARIHIN MUHAWARAR ADABIN KASUWAR KANO



Bari mu fara da ƙirar kalma, tunda ita ce sana'armu a nan. Akwai ɗafa-ƙeyar -ayya da Hausa ke liƙa wa saiwar kalma, galibi don ta nuna abin da ke gudana tsakanin ɓangarori biyu: tara ta ba mu tarayya, buga ta ba mu bugayya, ciniki ya ba mu cinikayya. Idan aikatau mai gaɓa ɗaya ne, sai ɗafin ya fito da siffar -yayya: so, soyayya, ƙi, ƙiyayya, ja, jayayya. Ka lura da ta ƙarshen nan. Jayayya ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Dole wani ya riƙe wancan bakin igiyar, ka ja, shi ma ya ja.

Ka kuma lura Bahaushe ya bambanta musu da gardama da muhawara. Mai musu cewa kawai yake yi "ban yarda ba". Mai gardama yakan kafe a kan bakansa ko da hujjarsa ta ƙare. Muhawara kuwa, wadda muka aro daga Larabci, mayar da magana ce a tsakanin mutane: ka kawo taka hujjar, a saurara, a kawo wata.

Yau tarihin wata muhawara za mu duba, wadda aka shafe kusan shekara goma ana yi a shafukan jaridu a kan littattafan soyayya. Kai da ke karanta wannan daga Kafur ko Bakori ko Ɗanja, ka sani labarin na gida ne. Wanda ya tayar da ƙurar ɗan Malumfashi ne. Wanda ya shimfiɗa tabarmar da aka yi zaman ɗan garin Sheme ne ta ƙasar Faskari. Ɗaya daga cikin marubutan da aka fi karantawa a lokacin kuma a Funtuwa take.

YADDA LITTATTAFAN SUKA SAMU

Kafin shekarun 1980, kusan ƙofa ɗaya ce ake bi a buga littafin ƙagaggen labari na Hausa, kuma a Zariya take. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga nan aikin ya bi ta hannun Kamfanin Gaskiya a 1945, da NORLA a 1954, da NNPC a 1966. Duk waɗannan suna da editoci masu tace rubutu, sai dai littattafan da suke fitarwa ba su da yawa, kuma akasari don makarantu ake yin su. Sai a 1980 ne ma aka buga littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Abubuwa biyu suka canja lissafin. Na farko, a 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Bayan shekara goma sai ga ɗimbin matasa, maza da mata, sun iya karanta Hausar boko, amma babu abin karantawa da ke magana a kan rayuwarsu. Na biyu, tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya zo a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka tsaya a kan littattafan jarrabawa.

To, matasa sai suka ɗauki abin a hannunsu. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya kai a buga masa a tafireta, ya nufi ƙaramar maɗaba'a da ɗan kuɗinsa. Akan raba labarin kashi biyu ko uku, cinikin na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu. 'Yan kasuwar Kano na wajen Bata da Sabon Gari su saya, littafi ya kama hanyar Funtuwa da Gusau da Maraɗi. Wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya, ko ta jira ƙawarta ta gama. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991 ya karaɗe ƙasar Hausa. Bilkisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa a 1994. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi, wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama ta Kano. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka sun san ana kallon su a raine, don kowa ya san ƙarashen karin maganar.

ZAGAYE NA FARKO: JARIDAR NASIHA

A ƙarshen 1991 Ibrahim Malumfashi, malami a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya rubuta maƙala a jaridar Nasiha da ake bugawa a Kaduna, yana cewa akalar rubutun adabin Hausa na buƙatar sauyi. Ibrahim Sheme ne ke kula da filin adabi na jaridar. Ƙorafin Malumfashi da masu ra'ayi irin nasa ya ta'allaƙa ne a kan 'yan abubuwa: jigon littattafan ya maƙale a kan soyayyar saurayi da budurwa alhali al'umma na fama da talauci da jahilci, da yawa daga labaran daga finafinan Indiya aka kwaso su, rayuwar da suke nunawa ta manyan motoci da gidajen alfarma ba ta mai karatun ba ce, sannan babu edita, babu mai dubawa, ƙa'idojin rubutu sun sha kashi.

Ka tsaya ka ga abin da Sheme ya yi, domin a nan ne darasin yake. Ya buga sukar, ya kuma buɗe filin ga waɗanda aka soka. A farkon 1992 Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da martani a wannan jaridar dai. Jigon amsarsa shi ne kowane zamani da irin rubutunsa, kuma abin da suke rubutawa, musamman auren dole, abu ne da ke faruwa a gidajen mutane. Wasu suka shigo, wannan ya goyi bayan malamin jami'a, wancan ya goyi bayan marubutan. Mai karatu a Malumfashi ko Kafur da ya sayi jaridar yana ganin hujjar kowa da idonsa, babu wanda ya yanke masa hukunci.

A 1994 Malumfashi ya raɗa wa littattafan sunan da ya bi su har yau: Adabin Kasuwar Kano. Sunan ba haka kawai ya faɗo ba. Ya kwatanta su ne da 'yan ƙananan littattafan Turanci da aka riƙa bugawa ana sayarwa a kasuwar Anacha daga ƙarshen shekarun 1940, waɗanda yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya durƙusar da kasuwarsu. Ka ga ke nan a cikin sunan akwai hukunci, akwai kuma hasashe: kayan kasuwa ne, kuma yayi ne da zai wuce.

Kada ka ɗauka cacar baki ce ta 'yan boko da ba ta shafi kowa ba. Amsar da aka ba wannan tambaya ita za ta sa uba ya bar 'yarsa ta karanta ko ya ƙwace littafin. Ita za ta sa sashen Hausa na jami'a ya karɓi kundin ɗalibi a kan waɗannan littattafai ko ya ce ba adabi ba ne. Kuma, abin da ya fi shafar mu a nan, matasan wancan zamani da yawa daga waɗannan littattafai suka koyi yadda ake rubuta Hausa, fiye da yadda suka koya a aji.

BATUN ƘA'IDOJIN RUBUTU

A wannan gaɓar masu suka suna da gaskiya, kuma duk wanda ya buɗe littattafan wancan lokaci zai gani. Za ka tarar da "yazo" a maimakon "ya zo", da "bazan" a maimakon "ba zan", da "dashi" a maimakon "da shi". Za ka ga an raba abin da ya kamata a haɗa, an rubuta "motar sa" a maimakon "motarsa", an kuma haɗa dirka da suna an rubuta "yarinyace". Harufa masu ƙugiya kuwa sau da yawa babu su sam, domin tafiretocin Turanci ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai mai karatu ya yi ta laluben ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa", ko "baki" ko "baƙi". Hatta a bangon shahararren littafin Balaraba na 1990, "Kuykuyo" aka rubuta, inda daidaitacciyar Hausa za ta ce "kwikwiyo".

Amma fa ka tuna, su kansu ƙa'idojin da aka auna marubutan da su ba daga sama suka sauko ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da nasa dokokin rubutu a 1912. A wancan zamani wasu ɗigo suke sa wa harafi a ƙasa, wasu alamar hamza a gefe, sai a shekarun 1930 ƙugiya ta samu gindin zama. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta sake zama a kan batun. Aka yi taron Bamako a 1966, aka yi na Kano a 1972, aka yi na Yamai a 1980 don a daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. A kowane zama wani ne ya ce bai gamsu da abin da aka gada ba, ya kawo dalili. Har gobe ma ba a gama ba: mu muna rubuta 'ya'ya da hamza, a Nijar suna rubuta ƴaƴa da ƙugiya. Saboda haka in ka ce wa marubuci ya karya ƙa'ida, ka yi daidai, amma ka san ita ma ƙa'idar muhawara ce ta haife ta.

ZAGAYE NA BIYU: JARIDAR NEW NIGERIAN

Wajen 1998 zancen ya sake tashi, wannan karon a filin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda shi ma Ibrahim Sheme ne editansa. Zafin ya fi na da, har akwai wanda ya yi kira a kashe littattafan soyayya baki ɗaya. Sai ga wasu sababbin muryoyi daga Jami'ar Bayero. Yusuf Adamu malamin labarin ƙasa ne, kuma marubuci, shi ya rubuta Idan So Cuta Ne. Abdalla Uba Adamu kuwa farfesa ne a fannin koyar da kimiyya. Babu ɗayansu da ya fito daga sashen Hausa, amma filin ya karɓe su.

Abin da Abdalla ya shigo da shi a 1999 shi ne shakkar ita kanta sukar. Ya yi tambayar da ya kamata a yi tun farko: littattafai nawa masu sukar nan suka karanta? Ya bi kasuwa ya tattara littattafan, ya jera su, ya rarraba su bisa jigo. Abin da ya fito shi ne ba duka ne na soyayya ba, kuma ko waɗanda suke na soyayyar, da yawansu soyayya riga ce kawai aka sa wa wasu batutuwa: auren dole, zaman kishi, saki, ilimin 'ya mace. Ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba. Labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga wanda ba ta so, kuma marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Littattafan Bilkisu Funtuwa cike suke da mata masu neman ilimi mai zurfi ba tare da sun bar addininsu ba. Yusuf Adamu shi kuma ya ƙi amincewa da sunan kasuwa, yana ganin wani sabon yunƙuri ne na adabin Hausa da ya cancanci a kira shi da sunan da ba na raini ba.

Sai kuma aka taɓo inda ba a saba taɓawa ba, wato Abubakar Imam. Masu kare marubutan suka ce, in aron labari daga waje laifi ne, to me za a ce da Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937? Ai sananne ne East ya tara wa Imam littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, shi kuma ya narka su ya zuba su a tukunyar Hausa. Akwai sawun Dare Dubu Da Ɗaya a ciki, akwai na tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun mai ba da labari yana da kakanni a adabin Indiya. Masu suka suka amsa cewa akwai bambanci tsakanin wanda ya narka abu ya zama nasa da wanda ya kwafo shi ɗanye. Ka ga yanzu zancen ya tashi daga "aro laifi ne ko ba laifi ba ne" ya koma "wane irin aro ne gwaninta". Wannan tambaya ta fi ta farkon amfani nesa ba kusa ba, kuma ba a kai gare ta ba sai da aka ja igiyar ta ɓangarorin biyu.

Malumfashi bai ja da baya ba. Ya yi ta mayar da martani, har a shekarar 2000 ya rubuta cewa lokacin jana'izar Adabin Kasuwar Kano ya yi. Wani abin lura kuma, shi ɗin dai ne ya zauna ya bi diddigin tushen labaran Imam, ya fitar da littafin Adabin Abubakar Imam a 2009. Wato ma'aunin da ya ɗora wa matasan Kano bai ɗauke wa babban gwarzon adabin Hausa shi ba.

Muhawarar tana da nata gurbin da ba ta cike ba, kuma ya kamata ka sani. Zagaye na biyu da Turanci aka yi shi, a kan littattafan Hausa. Yawancin masu magana maza ne masu alaƙa da jami'a ko gidan jarida, alhali yawancin masu karatun, da kaso mai yawa na marubutan, mata ne. An yi magana a kansu fiye da yadda aka ji daga bakinsu.

WA YA YI GASKIYA?

Kowane ɓangare ya ci wani abu, ya kuma faɗi a wani. Hasashen Malumfashi ya tabbata ta wata fuska: harkar fim ɗin bidiyo, wadda ta fara da Turmin Danya a 1990, ta janye marubuta da yawa, ciki har da Gidan Dabino da Balaraba, kuma kasuwar littafin takarda ta yi sanyi daga baya. Ƙorafinsa a kan rashin edita da karya ƙa'ida ma har yau yana nan da ransa. Amma gawar da aka shirya wa jana'iza ba ta mutu ba. Mata suka riƙe alƙalamin, gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafan, daga baya rubutun ya koma wayar hannu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da jayayyar ta bari a ƙasa. Domin a kare littattafan ko a soke su da hujja, dole aka tattara su aka adana. Abdalla ya jera maƙalun da aka yi musayar su, ya zama ɗalibi na iya bin muhawarar daga farko. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen littattafai sama da 700 a 2004. Brian Larkin ya rubuta nazari a 1997 a kan alaƙar littattafan da finafinan Indiya. Novian Whitsitt ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a shekarar 2000 a kan Balaraba da Bilkisu Funtuwa. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Turanci ta littafin Balaraba, wadda Aliyu Kamal ya yi. Sunan da aka raɗa don raini ya zama sunan fanni da ake nazari a jami'o'i. Da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Malumfashi na cikin alƙalanta na shekarun farko, yana auna rubutun matan da suka taso da karatun waɗancan littattafai.

DA WUTA TA MAYE GURBIN ALƘALAMI

Don ka gane darajar abin da aka yi a Nasiha da New Nigerian, kwatanta shi da abin da ya biyo baya. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka cinna musu wuta a Kano, a gaban gwamnan jihar na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau. A 2008 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista da ita, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyin marubuta kafin a sasanta.

Damuwar da ta sa aka yi haka ba baƙuwa ba ce, ita ce dai ta tarbiyya da iyaye da malamai suka daɗe suna faɗa, kuma akwai littattafan da suka cancanci a yi tir da su. Bambancin yana ga hanya. Lokacin da Malumfashi ya ce littafi kaza bai yi ba, marubucin na iya ɗaukar alƙalami ya amsa a mako mai zuwa, kai kuma ka karanta ka auna. Toka fa, wa zai buɗe ta ya duba ko hukuncin da aka yanke mata daidai ne? Shekara goma na suka a jarida sun bar mana jerin littattafai da kundaye da tambayoyi masu kyau. Ƙonawar ba ta gyara ko "yazo" ɗaya ta koma "ya zo" ba.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Wannan hali na tambayar hujja ba a adabi kaɗai yake aiki ba, a nahawu da asalin kalmomi ma haka ne. Misali ɗaya ya isa. Shekara da shekaru ana maimaita cewa kalmar "boko" daga kalmar Turanci mai nufin littafi ta samo asali. Manyan masana sun rubuta haka, jaridun duniya suka ɗauka. Tun a 1968 Liman Muhammad ya nuna kalmar Hausa ce ta asali, amma ba a kula ba. A 2013 Paul Newman ya sake buɗe zancen da hujjoji biyu masu sauƙi. Na ɗaya, tsarin sauti: kalmar Turanci ta mai dafa abinci, wadda wasalinta ɗaya ne da ta littafin, "kuku" ta zama a bakin Bahaushe, ba "koko" ba, don haka da aro ne da "buku" za mu ce. Na biyu, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo "boko" da ma'anar algus da yaudara da nuna abu ya fi yadda yake, kamar a "amaryar boko" da "biri-boko". Ka ga yawan masu faɗar magana bai mayar da ita gaskiya ba.

Kai da ka tashi a ƙasar noma ka riga ka san wannan. Wanda ya je sayen buhun masara a kasuwa ba ya tsayawa a kan ta saman buhu, sai ya zura hannu ciki ya damƙo ta ƙasa. Mai kayan kirki ba ya jin haushin haka, don ya san abin da ya zuba. To haka za ka yi da duk maganar da aka kawo maka a kan harshe, ko daga farfesa ta fito ko daga abokin karatunka. In an ce maka "akan" da "a kan" ba ɗaya ba ne, ka tambayi dalili, za a nuna maka cewa ta farko ta sabo ce, kamar "akan yi ruwa a watan Agusta", ta biyu kuma ta wuri ce, kamar "a kan tebur". In kai ne mai gyaran, ka zo da misali, ka faɗi inda ka samo, ka bar wa wanda ka gyara damar ya amsa. In ya zo da hujjar da ta fi taka, ka karɓa a gaban mutanen da ka yi maganar a gabansu. Kuma kafin ka yanke wa wani rubutu hukunci, ka yi wa kanka tambayar da aka yi wa masu suka a 1999: nawa ka karanta daga ciki?

Ɗalibin da ke neman batun kundi, ga filin da ba a gama nomewa ba. Ka nemi tsofaffin littattafan nan a akwatunan iyayenka mata da yayyenka a Kafur da Malumfashi da Funtuwa, ka ɗauki guda goma na shekarun 1990 da guda goma na yanzu, ka ƙirga kurakuran raba kalma da haɗa ta a shafi ashirin na kowanne. Ka kuma zauna da waɗanda suka karanta su a lokacin, ka ji me suka ɗauka a ciki, tunda su ne ba a tambaya ba a wancan karon. Abin da ka samo zai gaya mana ko rubutunmu gaba ya yi ko baya, da hujja a hannu.

Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wa harshen nan hidima. Mu kwana nan.